In inji ya mutu, a fara bin sawun esansi

Ƴan kasuwarmu na Tasawa da Mayayi da ke bin hanyar Kwatano sun san abin da ya faru bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023: an rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, fasinja da kaya suka koma tsallaka kogin Kwara cikin kwalekwale mai inji. Cikin shekarar 2024 ni ma na shiga ɗaya. Muna tsakiyar ruwa injin ya yi tari sau biyu, ya yi tsit. Igiyar ruwa ta fara jan mu gefe, mata suka ɗauki salati.

Na ce wa dattijon da ke tuƙi: «Baba, lafiya?» Ya ce: «Zauna, ɗana. Ƙishirwa yake ji.» Bai kwance ko ƙusa ɗaya a jikin injin ba. Abin da na ga ya yi, da abin da ya bayyana mini da muka kai gaɓa, shi na kawo muku yau.

Da fari ya sassauta murfin tanki. A kan murfin akwai wata ƴar kafa ta iska. In ta toshe, mai ba ya fita, kamar yadda ruwa ke ƙin zuba daga butar da aka toshe wa baki. Daga nan ya kama ƙwallon robar da ke tsakiyar tiyo, wadda ake matsawa don tura mai, domin ita ce mai ba da labari. In an matsa ta ta lanƙwashe ta ƙi cikowa, toshewar tana baya, wajen tanki. In ana ta matsawa ba ta yi tauri ba, ko mai ya ƙare, ko tiyo ya tsage yana shan iska. In kuwa ta yi tauri amma inji na mutuwa da zarar an ba shi wuta, a duba gaba: matatar mai, sa'an nan karbirato. Tamu lanƙwashewa ta yi. Baba ya zaro bututun da ke cikin tanki, sai ga ragar bakinsa cike da tsatsa da yashi. Ya ɗauraye ta da esansi, ya maida, ya ja igiya, inji ya tashi.

Wani zai ce ina ruwan mutanen Gulbin Kaba da jirgin ruwa. Ruwansu babba ne, don cutar da ta kama injin Baba ita ce ke kama motopam na masu noman rani, da janareto na ofisoshi, da baburan ƴan kabu-kabu. Na taɓa ganin wani mai lambu kusa da Mayayi da ya sayi sabon karbirato, injinsa bai daina mutuwa ba, tumatirinsa ya kwana uku ba ruwa. Ashe ƙaramin kofin da ke ƙarƙashin makunnin mai ne ya cika da datti. Aikin minti 5, ba ko dala.

Saboda haka a bi mai daga tanki zuwa inji, mataki-mataki, a fara da abin da ba ya cin kuɗi. A rufe makunnin mai, a kwance kofin, a wanke. A cire tiyo daga karbirato, a buɗe makunni a gani ko mai na zuba sosai ko ɗiga yake yi. A tari kaɗan cikin farar kwalba a ajiye: ruwa ya fi esansi nauyi, in akwai shi zai kwanta ƙasa. Sai an gama waɗannan duka ake buɗe karbirato, kuma ƴar kafar da mai ke bi a cikinsa da iska ake hura ta. Allura tana faɗaɗa ta, inji ya koma shan mai fiye da ƙima. Kada a tsotsi tiyo da baki, esansi na ƙona huhu. Kada kuma a yi wannan aiki kusa da taba ko murhun mai shayi.

Tushen cutar dai yana wajen saye. Ko da yake matatar SORAZ ta Damagaram tana aiki tun 2011, ƙauyukanmu da yawa ba su da gidan mai, sai ƴan ruwa-ruwa. Man da ya ratso duro mai tsatsa, ya shiga jarka, ya ƙare cikin kwalba a bakin hanya lokacin hunturu, da wuya ya iso ba ƙura. Mazurari da ƙyalle mai tsabta sun isa su tare mafi yawanta. Mai saye ya tace, mai sayarwa ya ji tsoron Allah ya rufe jarkarsa, domin rigakafi ya fi magani.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.