Ba kowace tsohuwar mota ce ke buƙatar aksul mai inci 9 ba

A wurin masu farfaɗo da tsofaffin motoci a Amurka, aksul ɗin baya na Ford mai inci 9 ya zama kamar maganin kowace cuta. Kamfanin ya ƙera shi daga 1957 zuwa 1986, kuma har yau wasu kamfanoni na kwaikwayonsa. Mutum zai sayi Mustang ta 1965, kafin ya gama sanin halinta ya fara shirin cire aksul ɗinta. Sau da yawa wannan ɓarnar kuɗi ce, wani lokaci ma ɓarnar mota.

Sunan da ya yi ba na banza ba ne. A tsakiyar aksul akwai difarenshiyal, tarin giyoyin da ke karɓar juyin farfela su raba wa tayoyin baya, su kuma bar tayar waje ta fi ta ciki gudu a kwana. A samfurin inci 9, ƙaramin giyan da ke juya babban faifan yana da ƙarin boris da ke tallafe kansa, don haka ba ya gocewa idan inji ya matsa. Ana kuma zare cikin gaba ɗaya ta gaba, a canza giya a kan tebur. Ga wanda ya ninka ƙarfin injinsa ko yake shiga tsere, wannan shi ne zaɓin hankali.

Amma yawancin Mustang masu injin 289 da aksul mai inci 8 suka fito, kuma yana ɗaukar ƙarfin injin asali ba tare da gajiyawa ba. Wanda ya musanya shi ya ƙara wa bayan motar nauyi, sannan yadda haƙoran inci 9 ke haɗuwa yana cin ɗan ƙarfi a gogayya. Canjin kuma ba ya zuwa shi kaɗai. Tilas a duba faɗin aksul, da tsawon farfela da kusurwar da take zaune, da daidaiton birkin gaba da na baya. Kuskure a kusurwa yana jawo jijjiga, kuskure a birki kuwa yana iya cin rai.

Abin da direba ke ji a ƙafarsa ma ba girman aksul ba ne, lissafin giya ne. Giya mai 3.00 na nufin farfela ta juya sau uku kafin taya ta juya sau ɗaya. Idan aka koma 4.11, motar za ta zabura da kuzari, amma injin da ke juyi 2,500 a minti a babbar hanya zai koma kusan 3,400 a gudu ɗaya. Sakamakon shi ne ƙara, da shan mai, da maleji mai faɗin ƙarya. Idan kuma damuwar ita ce taya ɗaya na silalewa a santsi, difarenshiyal mai taƙaita zamewa yana shiga cikin aksul na asali.

Ƙa'idar ta shafi mai Peugeot 504 ɗin Kaduna kamar yadda ta shafi mai Mustang: a fara sanin aikin da ake so motar ta yi, sannan a sayi ƙarfe. Wanda ya ga canjin ya zama dole, ya adana tsohon aksul kada ya sayar wa 'yan gwangwan, domin masu sayen irin waɗannan motoci suna biyan kuɗi ne a kan kayan asali.