Wasiƙa Zuwa Ga Marubuta Labaran Dabbobi Na Yara a Birnin Kebbi da Argungu



Shawara ɗaya ke tafe da ni: ku shigo da dabbobinku cikin gari. Kullum aka ɗauko labari sai a nufi dawa, zaki na sarauta, dila na malanta. Alhali yaron Badariya ko Rafin Atiku bai taɓa ganin zaki ba sai a waya. Wanda ya sani shi ne jakin ɗiban yashi da ke togewa a tsakiyar titi, ƴan kabu-kabu na ta danna hon, da akuyar da ke faƙon idon mai tumatir a kasuwa. Ai ko Abubakar Imam, a Magana Jari Ce ta 1937, cikin fada ya ajiye akunsa.

Ku na Argungu kuwa, arziki na ƙofar gidanku. Tun 1934 ake bikin kamun kifi, UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016, amma kullum ta bakin masunta da baƙi muke jin sa. Ku ba mu shi ta bakin giwan ruwa: ya shekara lafiya lau a kogin Matan Fada, rana ɗaya Sarkin Ruwa ya ba da izini, dubban mutane suka afko da homa da gora. Ina zai ɓuya?

Sai dai fa a san dabba kafin a ba ta baki. Ku zauna ku kalle ta. Akuya ba ta da haƙoran gaba a sama, jan kai kuma na namijin ƙadangare ne. Yara sun san wannan, kuma kuskure ɗaya ya isa su daina yarda da ku.

Kada ku rataya wa labari wa'azi a wutsiya. In darasin na ciki, yaro zai tsince shi da kansa. Ku riƙe tauraro ɗaya daga littafi zuwa littafi, don ta haka Gizo ya yi suna. Kafin ku kai wa maɗaba'a, ku karanta wa ƴan firamare. Duk inda suka fara mutsu-mutsu, ku yanke wurin.

Allah ya ƙara basira.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a sana'a.