Zuwa ga Marubuta Labari: Yaro da Tsohuwa a Shafi Guda



Roƙo nake yi a kan yaron da kuke sakawa cikin littattafanku, wanda ba shi da abokin hira. Kusan kullum maraya ne a hannun muguwar matar uba, ana dukansa, ana hana shi tuwo. Wannan yana faruwa, ban musa ba. Amma yawancin yaran da kaɗaici ke ci, ba wanda ke ɗaga musu hannu. Ɗan fari ne wanda uwarsa ke kunyar kiran sunansa. Yarinya ce da aka kai riƙo gidan gwaggo, ana ci da ita ana yi mata ɗinkin Salla, amma ba a taɓa tambayar ta abin da ke ranta ba. Gida cike da mutane, yaron kuwa shi kaɗai. Wannan ne ya fi wuyar rubutawa, shi ne kuma muka fi gudu.

Ku duba yadda Tove Jansson ta ƙasar Finlan ta yi a littafinta na 1972 game da Sophia, 'yar shekara shida, da kakarta a wani ɗan tsibiri. Uwar yarinyar ta rasu, amma da kyar marubuciyar ta ambaci mutuwar: Sophia ta farka cikin dare, ta tuna gadon ya zama nata ita kaɗai. Daga nan sai mai karatu ya riƙa ganin rashin a cikin fushinta, da tsoronta, da yawan tambayarta. Ba a yi mana kuka shafi goma ba, kuma zafin ya fi shiga jiki.

Sai tsohon ko tsohuwar da za ta zama abokiyar yaron. Don Allah kada ku mai da ita mai wa'azi. Kakar Sophia na da gardama, tana gajiya, haƙoranta na roba suna ɓacewa, jikar na taya ta nema. Mu kuwa al'adarmu ta ba mu abin da Jansson ba ta samu ba: wasan kaka da jika. Kaka na kiran jikanta miji, yana tsokanarta, tana cewa ta sake shi tunda bai kawo kuɗin cefane ba. A gidan da kunya ta rufe bakin uwa da ɗa, ɗakin kaka ne kaɗai wurin da yaro ke magana yadda yake so. Me ya sa wannan ɗaki ba ya fitowa a labaranmu, sai dai a ce kaka ta ba da tatsuniya an watse?

Ku kuma sa babban ya buƙaci yaron. A littafin Romain Gary da ya ci kyautar Goncourt a 1975, Momo yaron Larabawa ne a unguwar Belleville ta birnin Paris, a hannun Madam Rosa, tsohuwar Bayahudiya da ta tsira daga Auschwitz. Ita ta rene shi, amma da jiki ya ƙi, hawan bene shida na gidansu ya gagare ta, shi ya koma mai jinyarta, har ya ɓoye ta a ɗakin ƙasa don kada ta mutu a asibiti. Da ita kaɗai ke bayarwa, da sadaka ce muka karanta.

Abubakar Tafawa Ɓalewa ya taɓo gefen wannan a Shaihu Umar tun 1934: yaron da aka raba da uwarsa, Abdulkarim Balarabe ya riƙe shi kamar ɗansa. Cinikin bayi ne ya fi damun marubucin, shi ya sa bai tsaya kan abin da yaron ke ji cikin dare a baƙuwar ƙasa ba. Yau akwai almajiri ɗan shekara bakwai da ke wanke-wanke a gidan wata dattijuwa da 'ya'yanta suka watse birane, tana ajiye masa ƙanzo, yana ɗebo mata ruwa, kuma har yanzu ina jiran wanda zai zauna da su biyun tsawon littafi guda.

Wassalam,
ɗan'uwanku mai karanta ku.