Kama Da Wane Ba Ta Wane: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Kwamishinan Lafiya Na Jihar Taraba

Ranka ya daɗe,

Ina rubuto maka ne daga Kachalla Sembe a kan wata 'yar lamba da ake rubutawa a katin majiyyaci. Yawancin mutane ko kallonta ba sa yi, alhali ita ce ke fayyace maganin da mutum zai sha da aljihun da kuɗinsa zai fito. Na yi shekaru ina aiki a ɗakin kati na asibiti, hannuna ya rubuta irinta ba adadi.

Akwai wani dattijo manomi a unguwarmu da tari ya kama, ga rama, ga zufar dare. Aka duba kakinsa a madubin gwaji, aka ga ƙwaya, aka rubuta masa A15, lambar tarin fuka. Ya sha magani wata 6 bai tsallake ko rana ɗaya ba, amma tarin na nan. Har aka fara zarginsa da wasa da magani, abin da ya fi ciwon kansa ƙona masa rai. Sai daga baya, da aka aika kakinsa nesa aka reni ƙwayar, aka gane ba ta tarin fuka ba ce, 'yar uwarta ce.

Waɗannan 'yan uwan suna zaune ne a ƙasa da ruwa da ƙura, kuma galibi ba a ɗaukarsu daga mutum zuwa mutum. A madubi kamarsu ɗaya da ƙwayar tarin fuka. Na'urar GeneXpert kuwa ta tarin fuka kaɗai take ganewa. Idan 'yar uwar ce, sai ta ce ba ta ga komai ba. To, duk majiyyacin da madubi ya ce akwai, na'ura ta ce babu, a kansa ya kamata likita ya dakata ya sake tunani.

Kada a ɗauka abin nadiri ne. A wani bincike da aka yi a Zariya da Kaduna, aka wallafa a 2013, an gwada mutum 1,603 da ake zaton suna da tarin fuka. Ƙwaya ta tsiro a kakin 444, kuma 69 daga cikinsu, wato kusan kashi 15 cikin 100, ba ta tarin fuka ba ce. Masu binciken sun danganta ta da ƙurar hunturu da cuta mai karya garkuwar jiki. Hunturu dai duk shekara muna shan sa, kuma binciken ƙasa na 2018 ya sanya Taraba cikin jihohin da waccan cuta ta fi yi wa katutu.

Ga inda maganar kuɗi ta shigo. A kundin lambobin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, bugu na 10, tarin fuka yana daga A15 zuwa A19, kuturta A30, 'yan uwan kuwa A31: A31.0 idan a huhu ne, A31.1 idan a fata, inda gyambon Buruli yake. Shirin ƙasa na yaƙi da tarin fuka da kuturta da gyambon Buruli yana ba da magungunan waɗannan ukun kyauta. Mai A31.0 fa? Da zarar an rubuta masa lambarsa ta gaskiya, ya fita daga layin kyauta ya koma hannun mai kemis. Maganinsa kuma ba na wata 6 ba ne. Ga nau'in da aka fi samu, ana haɗa azithromycin ko clarithromycin da ethambutol da rifampicin, a ci gaba da sha har wata 12 bayan kaki ya washe. Idan ciwon ya yi tsanani a ƙara da allurar amikacin. Iyalin dattijon nan sai da suka sayar da awakinsu.

Shi ya sa ba na gaggawar ganin laifin ma'aikacin da ya bar lambar tarin fuka a kati bayan ya fara shakka. Tausayi ne ke sa shi, don ya san talaka ba zai iya biya ba. Amma tausayin yana da tsada: majiyyaci na shan maganin da ba zai warkar da shi ba, ana gudunsa a gida kan cutar da ba ya yaɗawa, alƙaluman da ake kawo maka ofis kuma su nuna kamar babu wannan ciwo a Taraba. Abin da ba a ƙirga ba, wa zai yi masa kasafi?

Roƙona na farko, ranka ya daɗe, a zauna da hukumar inshorar lafiya ta jiha a rubuta A31 ɓaro-ɓaro cikin cututtukan da take biya, da gwajin renon ƙwaya, da magungunan na tsawon lokacin da likita ya tsara. A ba da izinin biya sau ɗaya na dukan jinyar, kada majiyyaci ya riƙa zarya neman lambar izini kowane wata. Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta tanadi asusun marasa galihu. Irin wannan majiyyaci na cikin waɗanda suka fi cancanta.

Sannan a kafa tsayayyar hanyar kai kaki daga Asibitin Ƙwararru na jiha da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Jalingo zuwa ɗakin gwajin da ke iya rarrabe ƙwayar, irin na cibiyar Saye da ke Zariya, kuɗin mota kuma kada ya hau kan mai tari. Renon ƙwaya kan ɗauki makonni, don haka a tanadi wanda zai bi sakamakon har ya dawo kati.

'Yan uwana na ɗakin kati su ma a tuna da su. Bugu na 11 na kundin ya fara aiki tun 1 ga Janairu 2022, a cikinsa cututtukan A31 sun koma 1B21. A koya musu tsohuwar lambar da sabuwar, a kuma ƙara layi ɗaya a rajistar cibiyoyin tarin fuka, inda za a rubuta duk wanda madubi da na'ura suka saɓa a kansa. Wannan layin biro da takarda kawai yake buƙata, ana iya fara shi kafin hunturu mai zuwa.

Ka huta lafiya.

Naka,
Wani tsohon ma'aikacin ɗakin kati,
Kachalla Sembe, Jalingo.