Wasiƙa Zuwa Ga Masu Raɗa Wa Gansakukan Dutse Suna

'Yan uwa abokan aiki,

Na rubuto muku ne a kan abu guda, musamman ku ƙannenmu da kuka fara hawa duwatsu da madubin hannu rataye a wuya, wato saurin raɗa suna. Maganata a kan ƙananan tsirran nan ce masu kara da ganye da ke maƙale a jikin fa da tsagin dutse, waɗanda galibinsu ba su wuce santimita ɗaya ko biyu ba, ba koren da ke rufe kududdufi ba. Sunan da kuka rubuta a bayan ambulan ɗin samfuri shaida ce kuka bayar, kuma wani zai dogara da ita bayan ba ku. Idan ta ƙarya ce, takan yi shekaru tana yawo daga littafi zuwa littafi kafin a kamo ta.

Ku dubi Takakia. A 1861 William Mitten, wanda ba ƙaramin masani ba ne, ya duba wani samfuri daga tsaunukan Himalaya ya saka shi cikin Lepidozia, wato a rukunin Hepaticae, 'yan uwan gansakuka. A farkon shekarun 1950 Noriwo Takaki ya tsinto irinsa a duwatsun Japan, kuma a 1958 Hattori da Inoue suka buɗe masa gida na kansa da sunan Takaki. Duk da haka an ci gaba da lissafa shi a Hepaticae, domin babu wanda ya taɓa ganin kwanson irinsa. Sai a 1990 aka same shi da kwanso a tsibiran Aleutian da ke Alaska, sannan magana ta ƙare: gansakuka ne. Shekara 129 ke nan, a kan gida mai jinsi biyu kacal! Ba ganin laifin Mitten nake yi ba, abin da ke hannunsa ya yi hukunci da shi. Amma ku da labarin ya iso gare ku, ba ku da uzurin yanke hukunci a kan tsiron da ba ku ga kwansonsa ba, alhali kuna iya komawa dutsen a ƙarshen damina.

Gaggawa iri biyu ce a sana'armu, kuma ta farko ta fi ɓarna domin ba a ganin ta. Ita ce a tattara duk abin da ya yi kama a zuba shi cikin suna ɗaya. Shekaru da yawa, duk wani dunƙulen Schistidium da kwansonsa ya nutse cikin ganye, akan rubuta masa apocarpum a wuce. Kowa ya huta, ana cewa ai jinsi ne mai sauye-sauye. Sai Hans Blom ya zauna da wannan tarin a Norwe da Suwidin, ya fitar da bitarsa a 1996, ya nuna cewa jinsi 31 ne ke kwance a ƙarƙashin abin da ake ɗauka ɗaya ne ko kaɗan. Wasu suna ko'ina har a bangon siminti, wasu kuwa sai a 'yan wurare ƙalilan. Waɗannan na biyun su ne aka zalunta, domin abin da ba shi da suna ba ya shiga jerin waɗanda za a kare. Kama da wane ba wane ba ne.

Gaggawa ta biyu ita ce ta mai ƙishin ganin sunansa a bayan sabon jinsi. Ya ga Grimmia mai dogon farin gashi a bakin ganye, ya ga wani mai gajere, sai ya zabura. Alhali wanda ke shan rana a fuskar dutse yakan tsawaita gashin nan har dunƙulen ya yi fari-fari, ɗan uwansa da ke inuwar tsagi kuwa gashinsa ya gajarce, ya yi kore shar. Jinsi ɗaya ne, mazauni ne ya bambanta. To yaya za a gane? Hujjar da Blom ya dogara da ita sosai ita ce gaurayen dunƙule. Idan ka sami siffofi biyu suna girma a cakuɗe, a kan dutse ɗaya, rana ɗaya ke dukan su, ruwa ɗaya ke jiƙa su, amma kowanne ya riƙe kamanninsa babu na tsaka-tsaki, to bambancin na gado ne. Don haka idan kun buɗe ambulan kuka tarar da gauraye, kada ku yi tsaki ku tsince ɗaya ku zubar. Ku raba kaɗan don dubawa, ku bar sauran yadda yake, ku rubuta cewa tare aka same su.

Dutsen kansa mai ba da shaida ne, kuma shi aka fi mantawa. Andreaea, gansakukan nan baƙi-baƙi ko ja-ja mai ruguzowa a yatsa idan ya bushe, dutse mai tsami yake so, irin su giranit. Kwansonsa ba shi da murfi ba shi da haƙora. Yakan tsage ta gefe, galibi gida huɗu, sama da ƙasa na haɗe, ya buɗe kamar fitilar ƙwai idan iska ta bushe, ya rufe idan laima ta zo. Amma a 1976 Steere da Barbara Murray sun bayyana wani mai kama da shi daga Alaska, Andreaeobryum, wanda shi kuma a dutsen laim yake zama. Mai tattarawa da bai rubuta irin dutsen ba ya zubar da rabin hujja tun a daji. Ku riƙa tafiya da 'yar kwalbar asid mai rauni. Ɗigo ɗaya, idan ya yi kumfa akwai laim. Ku rubuta wannan nan take da fensir, tare da kwanan wata, tsayin wurin daga teku, lambobin GPS, inda fuskar dutsen ta kalla, da ko ruwa na zirarowa ta wurin. "A kan dutse, kusa da gari" ba bayani ba ne. Kuma ambulan na takarda, don Allah. Leda tana tara gumi, kafin ku isa gida fumfuna ta gama da samfurin.

Sai aikin tebur. Ku fara kallon tsiron a bushe, ku lura da yadda ganyen ya kwanta ko ya murɗe, kafin ku ɗiga masa ruwa, domin yana jiƙa zai baje cikin ƙiftawar ido, wannan siffar kuma ta tafi sai ya sake bushewa. Ku ciro ganye daga karare da yawa, ba guda ba, ku kuma yi a hankali, saboda gindin ganyen yakan yage ya zauna a jikin kara, alhali ƙwayoyin gindin na cikin abubuwan da ake rarrabewa da su. Sannan reza. Na san da yawanku ba sa son wannan, amma Grimmia ba ya faɗin sunansa sai an yanka ganyen a gicciye. Sabuwar reza, ɗigon ruwa a kan gilashi, ka danne ganyen, ka yi ta shaftarowa sirara-sirara. Yawancinsu za su kwanta ta gefe su zama banza, ɗaya ko biyu za su tsaya daidai. A nan ne na'urar ƙara girma za ta nuna maka ko ganyen shimfiɗa ɗaya ne ko biyu, da yadda jijiyar tsakiya take. A Andreaea ma tambayar farko ita ce akwai jijiyar ko babu: rupestris ba shi da ita, rothii yana da ita. Idan kuwa ka rasa tsakanin Grimmia da Schistidium, duba kwanson da ya buɗe. A Schistidium ginshiƙin ciki yakan fice tare da murfi, a Grimmia ya zauna.

Gwajin DNA alheri ne, ba na ja. Sai dai na'ura abin da aka ba ta take karantawa, idan an ba ta tsiro da sunan kuskure za ta ƙara wa kuskuren ƙarfi ne kawai. Duk gwajin da ba a ajiye samfurinsa a ma'ajiyar busassun tsirrai ba, inda wani zai je ya sake dubawa, ni dai ba na ƙirga shi.

Ga masu aiki a duwatsun Jos, Mambila ko Ayar, akwai ƙarin tarko. Yawancin littattafan tantancewa da ke hannunmu don Turai da Amurka aka rubuta su, kuma littafin tantancewa ba ya cewa ban sani ba. Ko ta yaya sai ya kai ka ga wani suna. Ku fara duba jerin gansakukan Afirka kudu da Sahara na Brian O'Shea ku ga me aka taɓa samu a ƙasar, ku kuma tuna Andreaea a Afirka mazaunin wurare ne masu sanyi irin ƙololuwar Kilimanjaro da Ruwenzori, ba Kufena ba. Wanda kuma ke zaton ya sami sabo, wajibi ne ya gwada shi da samfurin asali na makusantansa, ya bi tsofaffin sunaye har zuwa littafin Hedwig na 1801, inda lissafin sunayen galibin gansakuka ya soma.

Abu na ƙarshe, ɗiba. Waɗannan tsirrai a hankali suke girma, wanda aka kankare ba lallai ya dawo a zamanin mai kankarar ba. Ku zaga ku ga yawansa kafin ku zaro wuƙa. Idan dunƙule ɗaya ne tak, ku ɗauki hoto, ku tsinci 'yan karare daga gefe, su ma sun isa reza. Idan yana da yawa, ku ɗebi abin da za a raba biyu, rabi ya zauna a gida, rabi a aika wa wanda ya ƙware a wannan dangi. Kafin amsarsa ta zo, ina roƙon ku ku rubuta sunan gidan kawai a bayan ambulan, ku bar gurbin jinsi a buɗe.

Wassalam,
Ɗan uwanku a wannan aiki.