Kuɗin da ba ya iya jiran itace ya girma

A watan Nuwamban 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuwa sai sun ɗora nasu a kai kafin su ba kowa rance. Mai karatu ya kai wannan lissafi gaban mutumin da ke son farfaɗo da gonar da zaizaya ta cinye, ko ya gina wa masu ƙaramin ƙarfi gidaje a bayan gari. Bashi irin wannan yakan ninka kansa cikin shekara uku, alhali gawon da aka raina a gona bai ko kai tsayin da zai ba tunkiya inuwa ba. Saboda haka nake ganin aikin gyaran ƙasa da na gidajen talakawa ba za su taɓa tsayuwa da kuɗin banki ba. Sai an nemo musu kuɗi mai haƙuri.

Akwai wani gari a arewa maso gabashin Amurka, Burlington ta jihar Vermont, da ya gwada wata hanya. A 1984, zamanin da Bernie Sanders yake magajin gari, hukumar birnin ta ba da dala 200,000 aka kafa wata ƙungiyar amintattu mai riƙe filaye a madadin al'umma. Dabarar ita ce raba fili da gini. Ƙungiyar ta riƙe filin har abada, iyali su sayi ginin kaɗai. Ran da suka tashi sayarwa, kashi 25 cikin ɗari na ƙarin darajar da gidan ya yi suke ɗauka, sauran ya zauna a jikin gidan domin mai saye na gaba ya same shi da sauƙi. Tallafin da aka zuba sau ɗaya sai ya yi ta zagayawa daga iyali zuwa iyali. Ƙungiyar tana nan har yau da sunan Champlain Housing Trust.

Duk wanda ya zauna gaban malami zai gane fuskar wannan tsari. Wakafi ne. Filin da Sayyidina Umar ya samu a Khaibar haka aka yi da shi: an tsare asalinsa daga sayarwa da kyauta da gado, aka sadaukar da amfaninsa. Mu dai mun taƙaita wakafi ga masallaci da maƙabarta da rijiyar burtsatse, kamar ba ya halatta a kan hekta ɗari ta fako da za a mayar gona, a yanka gefenta a yi gidaje. A Kano ko Kaduna sau da yawa kuɗin fili ne ke karya magini tun bai ɗora tubali ba. In an cire shi daga lissafi, adashi da ƙungiyoyin gama-kai za su iya ɗaukar ginin a hankali.

Farfaɗo da ƙasar kuwa bai kai tsadar da ake zato ba. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram, tun daga shekarun 1980, sun koma barin tohon kututture a gona suna sassabe shi, har aka ƙiyasta hekta miliyan 5 ta sake yin itatuwa. Babban jarinsu shi ne tabbacin cewa itacen da manomi ya raina nasa ne, ma'aikacin gandun daji ba zai ci shi tara a kansa ba.

Hanyoyin ruwa da titi da makaranta su ne ke bukatar manyan kuɗi, kuma nan ma ba mu rasa kayan aiki ba. Jihar Osun ta fitar da sukuk a 2013 ta gina makarantu. Gwamnatin Tarayya ta tara naira biliyan 100 ta wannan hanya a 2017 domin tituna 25. Me zai hana wata jiha a Arewa ta fitar da nata a kan unguwa guda da dajin da ke kewaye da ita?

Na san abin da za a ce, kuma gaskiya ne: amana ta yi ƙaranci. An sha ganin filin al'umma ya koma shaguna bayan rasuwar mai bayarwa, magada da masu unguwa sun raba. Ga kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta danƙa filaye a hannun gwamna, har ya zama takardar shaidar mallaka tana iya cin shekaru a kan tebur. Don haka abin da nake nema wurin majalisun jihohinmu ƙarami ne. Su yi dokar da za ta ba filin wakafi takarda da sunan amintattu, ta sa mazauna unguwar cikin masu kula da shi, ta kuma wajabta karanta lissafin kuɗinsa a bainar jama'a sau ɗaya kowace shekara.