A Tare Kacala Tun Ba Ta Kafu a Gulbin Rima Ba

Edita,

Duk halittar da ta mamaye tafki ko gulbi, fitar da ita sai an ji jiki. A 1988 aka gano wani ɗan naman ruwa mai ɓawo biyu, dangin makankari, a tafkin St. Clair da ke tsakanin Amurka da Kanada. Daga gabashin Turai jiragen dakon kaya suka kwaso shi, cikin ruwan da suke ɗura wa cikinsu don daidaita nauyi. Mace guda kan zuba ƙwai har miliyan ɗaya a shekara, 'ya'yan su manne a bututun ruwan sha da na tashoshin lantarki su toshe su. Da yake ƙananansu ba sa ganuwa da ido, ana umartar mai kwalekwale ya wanke shi, ya tsiyaye ruwan ciki, ya shanya shi kafin ya kai shi wani tafkin.

A Arewa, kacala ce ke irin wannan ɓarna. Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina janyewa da rani a sassan fadamun Haɗeja da Nguru, ciyawar ta samu kwantaccen ruwa marar zurfi da take so. Ta toshe magudanai, ta cinye gonakin shinkafa, ta hana masunta jefa koma, ta zama makwancin tsuntsayen jan-baki masu cin hatsi.

Gulbin Rima, da ke bi ta Sabon Birni zuwa madatsar Goronyo, da tafkunan da damina kan bari a fadamun ƙasar Isa, duk suna da irin wannan kwantaccen ruwa marar zurfi. Kacala na yaɗuwa ta hanya biyu: irinta mai kama da auduga da iska ke ɗauka, da saiwar da ke rarrafe cikin taɓo. Don haka a sare ta ƙasa da fuskar ruwa tun ba ta fidda kai ba, ruwa ya rufe kututturen, saiwar ta ruɓe. Ƙona ta a tsaye ba ya kashe saiwa. Koma da kwalekwale da tiyon injin ban-ruwa kuma a kakkaɓe musu taɓo, a shanya su kafin a canza musu ruwa.

Sarakunan ruwa su suka fi kowa sanin inda baƙuwar ciyawa ta ɓullo. Ya kamata Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ta riƙa karɓar rahoto daga gare su, a fita aikin gayya tun lauje na iya gamawa da ita.

Wani mai karatu,
Tozai, Ƙaramar Hukumar Isa, Jihar Sakkwato